Rumbun Gwamnati, Siton Baffa

Aikin farko da na taɓa karɓar albashi a kansa shi ne ƙirga buhu. Da na gama sakandare a farkon shekarun 1980, Baffa, ƙanen mahaifina, ya ɗauke ni akawu a sitonsa da ke Kano. Dogon gini ne na bulo da rufin kwano, mai ƙofofin ƙarfe, kuma yawancin hatsin da ke jibge a ciki ba nasa ba ne. Na mutane ne, mu ajiya muke yi a biya mu. Mota ta tsaya, 'yan dako suna saukewa ina ƙirgawa, in rubuta sunan mai kaya da irin hatsin da ranar shigowarsa. A wannan bakin ƙofa na gane cewa ajiya sana'a ce mai zaman kanta, daban da noma, daban da fatauci.

Kafin nan ajiyar da na sani ta ƙauyenmu ce a ƙasar Katsina. Kowane gida da rumbunansa, na kara da na laka, an ɗora su kan duwatsu saboda gara da laima. Gero da dawa a dami ake zuba su, ba a sussuka sai za a ci, domin hatsin da ke jikin zangarniyarsa ya fi jure wa ƙwari. Kakanmu yana da rumbu guda da ba a taɓawa sai an ga sabon gero ya nuna. Ya ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914 daga bakin waɗanda suka tsira, 'Yar Gusau kuwa da idonsa ya gan ta. Wannan rumbun ne ya raka mu muka tsallake farin 1973. Hatsin agajin da ya iso gundumarmu a lokacin, a ajin makarantar firamare aka jibge shi, don hukuma ba ta da inda za ta zuba. Ban ɗauki abin a bakin komai ba sai daga baya.

Rashin wurin ajiya tsohon ciwo ne a wajen hukuma. Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita, wadda har yau ake buga hotonta a kalanda, rashin sito da ƙarancin taragon jirgi ne suka gina ta. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗar da ake nomawa takan fi ƙarfin abin da jirgi zai kwasa zuwa Ikko, sai a jera buhuna wajen 15,000 a dala guda a lulluɓe da tamfol a jira. Ni ban tarar da dalar ba. Fari da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun riga ni. Abin da na tarar shi ne sitocin da aka gina dominta, sun koma neman wanda zai cika su da dawa da masara.

A 1977 gwamnatin soja ta Obasanjo ta sake fasalin hukumomin sayen amfanin gona. Ta gyaɗa aka ajiye ta a Kano, ta auduga a Funtuwa, sabuwar Hukumar Hatsi kuma a Minna. An ɗora mata sayen hatsi a farashin da aka yanka don kada manomi ya faɗi, da kuma tanadi saboda shekarar da ba ta yi kyau ba. Sau da yawa farashin kasuwa yakan ɗara nata, don haka manomi ba ya waiwayarta. Ɗan abin da wakilanta suka saya kuwa, wani kaso nasa a sitocin haya irin namu yake kwana.

Wanda bai taɓa harkar ba yakan zaci kuɗin haya shi ne kuɗin ajiya. Haya ita ce mafi sauƙin lissafi: ko ka kama sito gaba ɗaya ka biya kuɗin shekara tun kafin a ba ka makulli, ko a yi maka kuɗi a kan kowane buhu. Sauran kashe-kashen ne ke cin mutum. Ɗan dako ana biyansa a saukewa, a sake biyansa a lodi, in kuma aka ce a juya kaya don na ƙasa ya sha iska, wannan wani biyan ne. Sai katakon da ake shimfiɗawa don kada buhu ya taɓa siminti, sai maganin ƙwari da tamfol ɗin da ake rufe kaya da shi har maganin ya ratsa, sai mai gadi, sai sabon buhu a madadin wanda ɓera ya huda. Masarar da aka saya da ɗan danshinta a watan Oktoba za ta ci gaba da bushewa, in ka ɗora ta a sikeli a watan Afrilu ka ga ta ragu ba tare da kowa ya ɗebi ko tiya ba. Wake kuwa ba a magana: in ƙwaro ya shige shi, kana tsaye a bakin ƙofa za ka ji zafi na tashi daga cikin buhunan. Mafi tsada duka shi ne kuɗin da ka binne a cikin hatsi na wata shida ko bakwai, ba ka juya shi ba, kana jiran bazara. Baffa yakan ce wa masu kawo ajiya, “Alhaji, ni ɗaki nake ba ka haya. Haƙurin jira naka ne.”

Na ga ranar da littafina ya yi mana rana. A 1984, bayan juyin mulkin da ya kawo Janar Buhari, sojoji sun riƙa buɗe sitoci da kantuna suna sayar da kayan masarufi a farashin gwamnati, a kan cewa an ɓoye su. Damina ta 1983 ba ta yi kyau ba, abinci ya yi tsada, jama'a kuma suna tafa musu. Da suka zo layinmu, Baffa ya tare babbansu ya ce, “Ranka ya daɗe, kafin a taɓa komai a duba takarda. Kai, kawo littafin nan.” Mutumin ya bi layi-layi da yatsa, ya ga kusan kowane tari da mai shi, wasu ma na wakilan gwamnati ne. Ya ce, “To, Alhaji, rufe ƙofarka,” suka yi gaba.

A 1986 Babangida ya rushe hukumomin baki ɗaya a ƙarƙashin shirin SAP. A daidai wannan tsakanin kasuwar Dawanau ta fara kafuwa a kan titin Katsina, harkar hatsi ta tattara ta koma can, mu ma muka bi. Gwamnatin tarayya kuma ta koma gina manyan rumbunan ƙarfe na tsimi, masu cin tan 25,000 kowane rukuni, wato buhu 250,000 in buhun mai kilo ɗari ne.

Na raka kaya zuwa ɗaya daga cikinsu, na ga yadda abin yake. Gini ne mai ban sha'awa, yana walƙiya tun daga nesa. Amma rumbun ƙarfe bai san buhu ba. Sai an auna mota, an gwada danshin hatsin, an farke buhunan an zazzage, inji ya tace ya busar, sannan a haura da shi sama a zuba. Kowane mataki sai da wutar lantarki ko man dizal. Bayan an zuba ma sai fanka ta riƙa hura iska, domin ƙarfen yana ɗaukar zafi da rana ya huce da dare, gumi ya taru a jikin bango, hatsin ya dunƙule ya yi fumfuna. Ranar rabo kuma sai a sake ɗurawa a buhu. Mu kuwa daga gona har murhu a buhu muke harka. Don haka in inji ya tsaya, ko aka ce danshi ya yi yawa, tireloli sukan yi layi a bakin ƙofa ana ƙirga wa ɗan kwangila kuɗin kwana. In ya gaji ya juyo da kayan wurinmu ya kama haya. Rumbu na can rabinsa iska, hatsin da aka saya dominsa yana sitonmu ana biya masa kuɗin ɗaki.

Biyan ma ba kullum yake zuwa ba. Akwai ɗan kwangilar da ya cika mana rabin sito da dawa, ya ce wata uku. Damina ta zo ta wuce, sabon hatsi ya shigo, masu kuɗi a hannu suna neman wuri muna ba su haƙuri, shi kuma kullum maganarsa ɗaya: ofis bai saki kuɗi ba. Ba ƙarya yake yi ba. Tun daga nan Baffa ya ƙara kuɗin haya ga duk wanda ya zo da takardar gwamnati, sauran masu sito ma haka suke yi. Gwamnati ta fi kowa biyan haya da tsada, kuma jinkirinta ne ya jawo mata.

Jinkirin nan, a ganina, ya fi ƙarancin rumbu illa. Hatsi yana araha daga Oktoba zuwa Disamba. Kuɗin gwamnati kuwa sai an yi kasafi, an sa hannu, an ba da kwangila, ya fito bazara ta kawo jiki. A lokacin manomi ya riga ya sayar, hatsin yana hannun 'yan kasuwa, sai gwamnati ta shigo ta saya da tsada, sayen nata ya ƙara wa talaka tsadar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan tsadar abinci ta 2008 gwamnatin 'Yar'aduwa ta ba da kwangilar ƙarin rumbuna, har da masu cin tan 100,000 irin na Kwali a Abuja. Adadin ya kai rukuni 33, masu ɗaukar kimanin tan miliyan 1.3. A 2018, lokacin Audu Ogbeh yana ministan gona, majalisar zartarwa ta amince a jinginar da 20 daga cikinsu ga kamfanoni na tsawon shekara goma. Da na ji labarin sai da na yi dariya. Hukumar da na sani tana neman hayar ɗaki a wurinmu, ita ce ta wayi gari tana ba da hayar nata don ba ta da abin zubawa. Ban ga laifin jinginarwar ba, domin rumbun da ba a aiki da shi tsatsa ke cinye shi. Sai dai a daina kiran girman gini da sunan tanadi. A watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, tan 70,000 aka ba da umarnin fitarwa. A watan Fabrairun 2024 kuma tan 42,000. Raba wannan na ƙarshe ga mutane sama da miliyan 200, kowa bai tashi da rubu'in kilo ba, a ƙasar da masara kaɗai ake noma fiye da tan miliyan 10 a shekara.

A wannan watan na Fabrairu ne hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da rashawa ta Kano ta rufe wasu sitoci a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ba zan rantse wa kowane ɗan kasuwa ba. Na zauna da su, na san akwai mai addu'ar damina ta makara. Amma hatsin da ake ci a watan Yuli dole wani ne ya saye shi a Nuwamba ya biya masa haya da gadi da magani. Manoma da dama yanzu ba sa ajiyewa kamar kakanninmu, wasu don bashin taki, wasu a Zamfara da Katsina don rumbu a ƙauye ya zama abin da 'yan bindiga ke cinna wa wuta. In gwamnati ba ta ajiye ba, manomi bai ajiye ba, mai sito kuma ana zuwa masa da kwaɗo, wa zai riƙe hatsin har damina?

Sitocin ma ba su jira hatsi ba. Wanda ya zaga Dawanau yau zai ga manyan ɗakunan ajiya cike da riɗi mai tafiya Japan da Sin da Turkiyya, da zoɓo mai tafiya Meziko, mata suna zaune suna tsincewa. Masu wannan kaya da dala suke lissafi, suna biyan kuɗin shekara a dunƙule ba tare da ciniki mai tsawo ba, kuma a kan abin da suke biya ake yanka wa mai gero da dawa nasa kuɗin hayar. Duk jami'in da ya zo neman ɗaki da takardar alkawarin biya, da su zai yi takara.