Furen Lalle a Zangon Kumasi

A Zangon Kumasi babu yarinyar da ba ta san lalle ba. Ranar jajibirin salla mata suna yin ƙunshi. Idan za a yi aure, ana sa amarya a lalle. Amma da za ka tara yara goma ka tambaye su daga ina lalle yake fitowa, da yawansu za su ce maka daga kasuwa. Sun saba ganinsa gari ne kore a cikin leda. Ba su san lalle itace ne mai ganye da fure ba. Ba su san furensa yana da ƙamshi ba.

Kumasi babban birni ne a ƙasar Gana. Birnin Ashantawa ne, waɗanda Hausawa suke kira Tonawa. Tun zamanin da, fatake sukan taso daga Kano da Katsina da jakunansu, su tafi Gwanja sayen goro. Kasuwar Salaga ce mahaɗarsu. Bayan Turawan Ingila sun kama Kumasi a shekarar 1896, Hausawa da sauran mutanen arewa suka yi ta zuwa suna zama a birnin. Unguwar da suka sauka ita ce ake kira Zango. Yau akwai tsohon Zango, da Sabon Zango, da Aboabo, da Asawase.

Ana yi wa Kumasi laƙabi da birnin lambuna, saboda yawan itatuwan da yake da su a da. Amma Zangonmu a cike yake. Gida yana jikin gida, tsakar gida kuma an shafe ta da siminti. Wanda yake son shuka sai dai ya nemi gwangwani ko tsohon bokiti. A irin wannan gida aka haife ni, kuma a nan na koyi abin da zan gaya muku.

Lokacin da nake aji biyar, malaminmu ya zo da wata ƴar takarda mai iri a ciki. Wani abokinsa ne ya aiko masa da ita daga Ingila. A jikin takardar akwai hoton furanni, ja da fari da shuɗi. Malam ya ce Faransawa suna kiran wannan shuka pois de senteur. Mu kuma muka sa mata suna waken ƙamshi, domin ƴar'uwar wake da gyaɗa ce.

Malam ya ba mu labarinta. Ya ce asalinta daga tsibirin Sisili ne, a ƙasar Italiya. A shekarar 1699 wani malamin addinin Kirista mai suna Cupani ya aika da irinta zuwa Ingila. Bayan kusan shekara 200, wani mai lambu da ake kira Henry Eckford ya yi ta gyara irin, har ya samu furanni manya masu launi iri-iri. Turawa suna shuka ta a lambu, suna yanko furen su sa a kwalba domin ɗaki ya yi ƙamshi. Idan ana yawan yanko furen, sai ta ƙara fitar da wani. Sa'an nan Malam ya ja kunnenmu ya ce: “Ko da yake ta yi kama da wake, ba a cin ƴaƴanta. Suna da guba.”

A watan Janairu, lokacin hunturu, muka jiƙa irin ya kwana a ruwa. Muka shuka shi a bayan aji, zurfin santimita 2. Bayan kwana goma sai ga tsiro. Muka kafa masa sanduna, ya riƙa hawa yana kama su da wasu siraran zarurruka. Kullum da safe muna rige-rigen ba shi ruwa. Amma da watan Maris ya kama, rana ta buɗe, zafi ya tsananta. Ganye ya yi rawaya, shukar ta bushe, ba mu ga fure ko ɗaya ba.

Malam bai yi mamaki ba. Ya ce: “Wannan shuka ta ƙasar sanyi ce. Zafin ƙasarmu ya fi ƙarfinta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.”

Da na koma gida na gaya wa kakata. Ita mutuniyar Katsina ce, aure ne ya kawo ta Kumasi tun tana yarinya. Ta saurare ni har na gama, sai ta yi dariya ta ce: “Kishiya, ai mu ma muna da namu furen mai ƙamshi. Kina sa shi a hannu, amma ba ki san shi ba.”

Na ce: “Kaka, wane fure ne wannan?”

Ta ce: “Lalle mana. A garinmu da shi ake shingen gona. Idan ya yi fure, tun daga nesa kike jin ƙamshinsa.”

Akwai wani ƙanen babana mai tuƙa motar goro zuwa arewa. Kaka ta ba shi sallahu. Da ya dawo, ya kawo mata busassun ƴaƴan lalle a ƙulle cikin tsumma. Ƴaƴan ƙanana ne, kewayayyu, ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Kaka ta murje ɗaya a tafin hannunta. Sai ga iri ƙanana sun fi talatin, kowane da ɓawo mai tauri.

Ga yadda muka yi. Da farko muka zuba irin a kwano, muka jiƙa shi kwana biyar. Kowace safiya muna zubar da ruwan, mu sa sabo. Kaka ta ce ɓawon ne yake hana shi saurin tsirowa, sai ya sha ruwa ya yi laushi.

Daga nan muka samo babban gwangwanin tumatir. Muka huda gindinsa da ƙusa wuri shida. Muka haɗa ƙasa da yashi da tsohon takin awaki, muka cika shi. Na tambayi Kaka amfanin yashin. Ta ce lalle ɗan ƙasar rani ne, ba ya son ruwa ya kwanta a saiwarsa. A Katsina damina ɗaya ce. A Kumasi kuwa damina biyu ce: ta farko daga Maris zuwa Yuli, ta biyu daga Satumba zuwa Nuwamba. Saboda haka dole a yi wa ruwa hanyar fita.

Muka barbaɗa irin a kan ƙasar, muka rufe shi da yashi kaɗan. Ba a binne shi da zurfi, domin ƙarami ne. Muka ajiye gwangwanin a gefen baranda, inda rana take samunsa amma ruwan indararo ba ya dukansa. Safe da yamma ina yayyafa masa ruwa da hannu.

Mako ɗaya ya wuce, babu kome. Mako na biyu ma ya kusa ƙarewa. Na ce wa Kaka ko irin ya mutu. Ta ce: “Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.” Ba a yi kwana uku ba sai ga ƴan ganyaye sun leƙo.

Da tsiron ya kai tsawon yatsa, muka cire raunana muka bar uku. Da suka kai tsawon taƙi ɗaya, muka dasa kowane a nasa bokiti. Wata rana akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye ɗaya. Yayana ya kewaye sauran biyun da tsohuwar ragar waya. Kaka kuma ta koya mini tsinke kan shukar da farce. Idan an tsinke kan, sai ta fitar da rassa ta gefe. Rassa da yawa, fure da yawa.

Shekara ta farko ganye kawai muka gani. A shekara ta biyu, itacen ya kai tsawon ƙirjina, sai ya fitar da fure a ƙarshen rassansa. Furen ƙanana ne, farare, a haɗe suke kamar zangarniya. Kowane ɗaya yana da ƴan fatu huɗu. Ba su kai na hoton Malam kyan gani ba. Amma da magariba ta yi, ƙamshi ya cika tsakar gida, har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko turare muka sa.

Kaka ta nuna mini yadda ake yanko fure. Da sassafe ake yanka, kafin rana ta yi zafi. A yanke reshe da wuƙa mai kaifi, a cire ganyen da yake ƙasa, a tsoma shi nan da nan a kwalba mai ruwa. Kullum a canza ruwan. Na kai wa Malam reshe ɗaya, ya sa a kan teburinsa, aji ya wuni yana ƙamshi. Kaka ta sa wasu furen a cikin adakar tufafinta. Amma ta hana mu yanke duka. Ta ce a bar wasu su zama ƴaƴa, domin a samu irin baɗi.

Da na girma na ƙara sanin wasu abubuwa game da lalle. Masana suna kiransa Lawsonia inermis, Faransawa kuma suna ce masa henné. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun yi amfani da shi. A ƙasar Indiya akwai wani gari mai suna Sojat da ya shahara da noman lalle. A can Indiya har turare ake yi da furensa. A cikin ganyen akwai wani sinadari da yake kama fata da farce, ya bar launin ja. Ganyen da aka tsinka lokacin zafi da rani ya fi kama hannu.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ku sani. Lalle na gaskiya ja yake yi, ko ja mai duhu. Wani baƙin lallen da ake sayarwa an haɗa shi da sinadarin rinin gashi. Yana iya ƙona fata, ya sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Wanda ya tsinko ganye daga itacen gidansu, ya shanya, ya daka, ya san abin da ya sa a hannunsa.

Yara, kafin ku shuka kowane iri, ku tambayi ƙasar da ya fito. Ku san ko mai son sanyi ne ko mai son zafi, mai son ruwa ne ko mai jure fari. Ku da kuke Maraɗi ko Damagaram ko Katsina, ƙasarku ƙasar lalle ce, ya fi jin daɗinta a kan ta Kumasi. Ku roƙi iyayenku ƴaƴan lalle kaɗan. Ku nemi gwangwani, ku huda gindinsa, ku jiƙa irinku. Idan aji ɗaya ya rayar da itace goma, cikin shekara biyu makarantarku za ta samu shinge mai ƙamshi.

Tambayoyi

1. Me ya sa waken ƙamshi bai yi fure a Kumasi ba?
2. Don me ake jiƙa irin lalle kafin a shuka shi?
3. Mene ne amfanin yashi da hujin gwangwani?
4. Waɗanne itatuwa masu fure mai ƙamshi kuka sani a garinku?