Ranar Shinge, Ranar Fatsa a Kogin Yedzaram



Duk wanda ya tashi a garin nan ya san damina ba ta zauna ba sai shinge ya fito. Idan ruwa mai ƙarfi ya sauka a watan Mayu ko farkon Yuni, ƙasa ta jiƙe sosai, da magariba sai suri ya buɗe, shinge ya yi ta tashi kamar hayaƙi. A cikin gida yara su ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashin fitila, a tara, a soya da gishiri. Mu kuwa da muka saba da bakin kogi, ranar shinge ranar fatsa ce.

Yedzaram yana tasowa ne daga duwatsun da ke kudu maso gabashin gari, ya ratsa Mubi ya nufi arewa, ya bi ta Bama zuwa yankin Tafkin Chadi. Da rani kusan yashi ne zalla, sai guraben ruwa nan da can, inda kifi ke fakewa cikin yunwa. Sabon ruwa na zuwa sai ya bazu neman abinci, daidai lokacin da shinge ke fita. Shinge kuwa ba gwanin tashi ba ne, fukafukansa ba sa jimawa suke zubewa, dubbansa su faɗa kogi. Nan za ka ga saman ruwa yana ɓulɓul, kawara da karfasa na tasowa suna cafka.

Kayan aikinmu ba su da yawa: sandar gora, siririn zare, ƙaramar ƙugiya, da gwangwanin shingen da aka tara. A irin wannan rana ba ma ɗaura dalma, domin a sama kifin ke ci. Sai a soke shinge guda da fukafukansa, a jefa ta inda ruwa ke gangarowa, a bar shi ya taho da kansa kamar sauran. Idan ka ja zaren ya yi gudun da ya fi na ruwa, kawara ba za ta taɓa ba. Haka idan inuwarka ta faɗa kan gurbin, an gama. Kifi na ganinka, mai jar koma. Sai duhu ya fara sannan a koma tana da dalma, a nemi tarwaɗa a ƙasa. Wanda ya yi sa'a ya koma gida da abin miyar kwana ɗaya ko biyu, kogin kuma bai san an rage shi ba.

Ba mu kaɗai muka san wannan sirri ba. A Ingila akwai wani kifin ruwan sanyi da ba mu da irinsa, wanda ke tasowa cin ƙwarin da ke ƙyanƙyashewa daga cikin kogi a watan Mayu da Yuni. Masu fatsar can gashin tsuntsu da zare suke ɗaurawa a ƙugiya ya yi kama da ƙwaron. Amma sai da lasisi ake yi, kuma daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kama wasu nau'o'in kifi a koguna don su samu su hayayyafa.

Abin da ya sa muka kawo zancen ke nan. Lokacin shinge shi ne kuma lokacin da kifinmu ke zuba ƙwai. Tarwaɗa na bin sabon ruwa ta shiga ciyawar gefe ta saki ƙwanta, 'ya'yan su girma a wurin da ba zurfi. A daidai nan ne wasu ke shiga da gidan sauro, wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓi, su tace ruwan kakaf, har kifin da bai kai tsawon yatsa ba. Wasu kuma sun fi haka ɓarna: su tsiyaya maganin feshin gona a gurbi, komai ya taso matacce, a kwashe manyan a kai kasuwa. Ruwan nan shi shanu ke sha, a cikinsa ake wanki, yaranmu ke iyo, da shi ake ban ruwan lambu. Kifin kuma cikinmu zai shiga. Ga sharar da ake juyewa a bakin gaɓa, ruwan farko ya kwashe ta da ledojinta ya kai wa na ƙasa da mu.

Ba sai mun je Turai koyon gyara ba. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, ba kowa ke shiga Matan Fada da koma yadda ya ga dama ba, sai an buɗe ruwa. Shi ya sa ranar biki ake fito da giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka.

Don haka muna roƙon iyayenmu masu unguwannin da ke bakin kogi su zauna da masunta a tsayar da magana: ba guba, ba gidan sauro, kifin da bai kai tafin hannu ba a mayar da shi ruwa. Iyayenmu mata, idan kun san da magani aka kama kifi, kada ku saya komai arharsa. Matasa kuma, idan shinge ya fito bana, ku ɗauki ƙannenku ku nuna musu yadda ake soke shi a ƙugiya. Yaron da ya taɓa jin kawara ta fizgi zarensa ba zai tsaya yana kallo a zuba wa gurbin guba ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka.