Laifin Baba Ne Ko Na Waya?

A watan Fabrairu na 2023, lokacin ƙarancin kuɗi saboda canjin naira, mahaifina ya je kasuwar Funtua sayen takin noman rani. Babu tsaba, sai turawa ta waya. Ya danna, waya ta yi shiru. Ya sake dannawa. Ashe sau biyu kuɗin suka tafi! Mako uku muna sintiri kafin su dawo.

Baba ya ce mini, "Ɗana, tsufa ne." Ni kuwa ban yarda ba. Mutumin da ke karanta ajami, yake lissafin buhunan masara da ka, ai ba jahili ba ne. Rubutun ne ƙanana, da Turanci, kuma babu alamar kuɗi sun tafi.

Malaminmu na kwamfuta ya ce maƙeri ba ya sanin kyan fartanya sai ta je gona. Saboda haka na zana fuskar waya a takarda, da manyan maɓallai uku, na miƙa wa Baba, na yi shiru. Ya gane biyu. Na ukun ya ce, "Wannan fa?" Na goge, na sake zanawa.

'Yan'uwana ɗalibai, in Allah ya sa kun ƙera abu, ku fara gwada shi a hannun iyayenku.