Sangaya a idona na yau

Shekarar da fim ɗin Sangaya ya fito, wato 1999, duk shagon hayar kaset da ka bi daga Samaru har Sabon Gari waƙarsa ce ke tashi. Har gobe tsarana suna ambatonsa da ƙauna, shi ya sa nake jin nauyin faɗin cewa da na sake kallonsa jikina ya yi sanyi. Ali Nuhu da Fati Muhammad sun yi iya ƙoƙarinsu, kiɗan ma har yanzu yana ratsa ni. Amma labarin ba shi da kauri, jan sa ake yi har a iso wurin waƙa. Wulaƙancin da Zubaina ta sha tana 'yar aiki a gidan sarauta, wanda ya fi damuna, sama-sama aka taɓa shi.