Keken Hawan Dutse Zai Shiga Jirgi

Akwai wani saurayi a Naraguta, can bakin Jos ta hanyar Bauchi, wanda ya shekara biyu yana tari kafin ya mallaki keken hawan dutse. Ba irin Raleigh ɗin nan da dattawa suka sani ba ne. Wannan mai kaurin taya ne da giya barkatai, da shi yake bin tsofaffin hanyoyin mahaƙa kuza har gindin duwatsun Shere. Da Allah ya ba shi gurbin karatu a Afirka ta Kudu, ƙasar da ake tseren keke na Cape Epic tun 2004, sai ya ce shi fa ba ya tafiya ya bar kekensa.

To, a nan gizo yake saƙar. Jirgin sama ba motar kasuwa ba ce, balle a ɗaure keke a bisa da igiya. Galibin kamfanoni kilo 23 suke yarda wa fasinja a kaya guda, abin da ya ɗara sai an biya, keken kuwa shi kaɗai kilo 14 ne. Akwatin roba mai tauri da aka nuna masa ya fi kowanne tsaro, amma nauyinsa ya kusa na keken, kuɗinsa kuma ya isa sayen wani keken. Jakar yadi ba ta da nauyi, sai dai in aka jibga mata kaya a cikin jirgi, keken ne zai ji a jikinsa. Saura kwali, irin wanda sababbin kekuna suke zuwa a ciki. Shi kusan kyauta ne, amma kowa ya san ruwan Agusta a Jos, ga sauke-sauke daga Heipang zuwa Ikko, daga Ikko zuwa Johannesburg.

Kwana uku yana jinjina abin, har ya kai kukansa wurin tsohon da ke yi masa gyara. Tsohon ya duƙa ya nuna masa ɗan ƙarfen da ke riƙe da giyar baya, ya ce, "Yaro, ba jikin keken ake ji ba, wannan ɗan kunnen shi ke fara lanƙwashewa, sai faifan birki." Suka kwance su, suka naɗe da tsumma, suka cire feda da kai da tayar gaba, suka rage iska, aka sa guntun katako tsakanin ƙafafun gaba don kada nauyi ya matse su.

Kwalin dai aka ɗauka. Da yake Naraguta garin dukawa ne, sai wani baduku ya ɗinke kusurwoyin da kafofin kamawa da ragowar fata, wurin da kwali ya saba yagewa ke nan, sa'an nan aka lulluɓe shi da leda. Badukun ya ce tun da yake bai taɓa yi wa kwali takalmi ba sai ran nan.

Ranar tafiya aka aza shi a sikeli a filin jirgin Yakubu Gowon, sai ga kilo 22, alhali a gida 20 suka auna. Ashe da dare mahaifiyarsa ta cusa ƙullin acca a tsakanin tayoyin.