Karayar da Mai Ɗori Ya Ƙi Ɗaurewa

Daga Damagaram na zo Kano ziyara, na sauka gidan gwaggona a wani lungu bayan Kasuwar Kurmi. Kwana biyu da zuwana muka ji salati daga maƙwabta. Matar gidan ce ta sunkuya za ta ɗauki bokiti, ƙashin cinyarta ya karye. Ba ta faɗi ba, ba kuma abin da ya buge ta.

Mai ɗori ya iso, dattijo, da karansa da tsummansa. Ya shafa ƙafar a hankali, ya tambaya ko dama tana ciwo. Aka ce watanni ke nan bayanta yana hana ta barcin dare, ana ta shan maganin sanyi. Gwaggo ce ta rage murya ta ce akwai ƙulli a nonon matar tun bara.

"Hajiya, wannan karayar ba tawa ba ce," in ji shi. "Ku kai ta asibitin Dala."

Har yau ina girmama dattijon nan.

Ƙashi kamar gidajen ƙasar cikin birni yake, kullum cikin gyara. Akwai ƙwayoyin halitta masu kankare tsoho, akwai masu yaɓa sabo. Idan ciwon dajin nono ko na mafitsarar maza ya yi nisa, ƙwayoyinsa sukan bi jini su sauka cikin ɓargo, musamman a gadon baya, ƙugu da haƙarƙari. Na nono yakan zuga masu kankara su zarce ƙa'ida. Ƙashin da aka kankare kuwa yana sakin sinadaran da ke ciyar da dajin, ya ƙara ƙarfi, ya ƙara zuga su. Haka ake rarake ƙashi ta ciki kamar gara ta shiga azara. Kalsiyam ɗinsa ya malala cikin jini, ga ƙishirwa, ga taurin ciki, wani lokaci har da ruɗewa.

Tun 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya bi bayanan mata 735 da dajin nono ya kashe, ya kwatanta yaɗuwar dajin da iri da ƙasa: iri yana watsuwa ko'ina, amma inda ƙasa ta karɓe shi yake tsira.

Mota ba ta shiga lungun. A kan ƙyauren ƙofa samari huɗu suka ɗauko matar har bakin titi, gwaggo na biye, riƙe da takalmanta.