Awon zafin ƙasa a Kusugu

Litinin, 8 ga Janairu 2024
Daura. Masauki gidan Goggo a Kusugu. Hazo ya turnuƙe gari. Kaya: ma'aunin zafi, igiya mai alamar mita, buhunan samfur. Takarduna na ƙarin girma suna hannun masu tantancewa tun kafin kaka. Shiru.

Talata, 9
Bayan asuba, rijiyar gida. Sanyi na yankan hannu, ruwan guga kuwa da ɗumi. Goggo ta ce haka rijiya take tun fil azal, da hunturu ɗumi, da bazara sanyi. "Wannan ne karatun naka, ɗan nan?" Na ce shi ne, Goggo. Ruwan yana yadda yake, iska ce ke canzawa. Daga wajen mita 10 abin da ya yi ƙasa, rana da dare ba sa kaiwa can, ƙasa takan tsaya kusa da matsakaicin zafin shekara. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, in zo kunu zai huce.

Alhamis, 11
Awo safe da yamma a rijiyoyin maƙwabta. Lambobin kusan ɗaya. Raina fes.
Ramin gwaji bayan gari: rairayi, sai jar ƙasa, sai marmara da ta dakushe diga. Dattijon da ke haƙa ya lissafa mini jerin tun bai sari ƙasa ba, har inda danshi zai fara. Na rubuta yadda ya faɗa.

Juma'a, 12
Bayan masallaci, rijiyar Kusugu. Juma'a, ranar da tarihi ya ce ita kaɗai ake ɗiban ruwa kafin Bayajidda ya kashe macijin. Yanzu tana cikin gini. Baƙi da jarkoki, wasu daga Nijar. Na nemi in zura ma'auni. Mai kula da wurin: "Ranka ya daɗe, sai da izinin fada." Gaskiyarsa. Awon ruwan da ke cikin guga ba ya ƙirguwa, kafin ya iso sama iska ta taɓa shi. Wasiƙa gobe.

Lahadi, 14
Mura. Ban fita ba.

Talata, 16
Mujalla ta dawo da maƙalata. Mai bita ya ce bai ga makamashin zafin ƙasa a ciki ba. Na kwana ina amsa masa a zuci.
Tururi yake nema. Larderello ta Italiya, inda aka fara kunna ƙwan lantarki da shi a 1904. Olkaria ta Kenya, tana ba da wuta tun 1981, don can ƙasa a tsage take, zafi na kusa. Mu fa? Wikki a Yankari digiri 31, na wanka ne. Ikogosi, sai Ruwan Zafi na Lamurde. A ƙasa irin tamu zafi kan ƙaru da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. Kafin a kai 150 sai an huda dutse kilomita huɗu ko biyar. Wa zai biya?
Abin da Daura ke da shi yana nan kusa: ƙasa da zafinta ba ya hawa ko sauka sosai. A binne bututu a zurfin mita uku ko huɗu, ƙaramar fanka ta tura iska ciki, ta fito a huce cikin aji a watan Afrilu, lokacin da waje ya haura 40. Dabarar randar da ake binnewa a rairayi ce. Ƙaramin aiki, shi ya sa ba ya burge kowa.

Alhamis, 18
Wani tsohon ɗalibina ya kai ni aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Ana zuba ƙasa ana dannewa shimfiɗa bayan shimfiɗa, ana gwada danshi. Aikin da na koyar da shi ke nan. "Malam, da za ku zo nan, da kun huta." Na yi dariya. A hanyar dawowa ban yi magana ba.

Asabar, 20
Waya daga ɗakin gwaji. Samfur na buƙatar awa 24 a tanda kan digiri 105, an ɗauke wuta tsakar dare. A sake daga farko.
Da yamma Goggo ta aiko da fura. Barci mai kyau.

Litinin, 22
Saƙo: in je fada ranar Laraba kan batun wasiƙa. Ko izini ne, ko tambayoyi. Babbar riga tana wajen mai guga.
Na binne na'urar ajiye awo a bayan gida, mita uku. Lambobin hunturu kaɗai ba za su gamsar da mai bita ba, sai an haɗa da na Afrilu. Batirin zai kai? Na kira mai shago a Kano, ya ce zai duba.